Tambarin da Aka Bari a Ƙasa

Ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya saura na safe wayar ofishin 'yan sanda na Kurrabin ta yi ƙara. Trevor Lindner ne, mai kiwon tumaki a hanyar tafkin gishiri. Ya ce a zo, maƙwabcinsa Col Petherick yana kwance a garejinsa, ba ya numfashi.

Sufeto Des Kowalick ya ajiye shayinsa bai kurɓa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana bin ɓarayin tumaki kafin a ba shi wannan kujera, kuma har yau zama bai karɓe shi ba. Saja Tania Rigney ce ta ja motar. Iskar arewa tana hura zafi tun asuba, rediyo kuma yana ta nanata cewa yau ranar hana kunna wuta ce a duk yankin, saboda tsoron gobarar daji.

Sun tarar da Col rub da ciki kusa da babur ɗinsa. Dattijo ne mai shekara sittin da shida, ɗan ƙungiyar masu babura ta Baƙaƙen Hankaki tun yana saurayi. An buge shi a ƙeya. Falmaran ɗinsa ta fata tana jikinsa, amma an yanke tambarin ƙungiya daga bayanta, an yar a ƙasa, an tuttula masa baƙin mai. Makullin babur ɗin kuma an cusa shi a bakin mamacin. Warin bilic, sinadarin nan mai ƙarfi na wanke-wanke, ya cika garejin har yana sa hawaye.

A kan teburin aiki akwai injin yankan ƙarfe da wani bututu da aka yanka rabi.

Trevor yana tsaye a waje yana korar ƙudaje da hularsa. Bayansa, a kan iyakar gonakin biyu, turakun shinge ne baƙi ƙirin, waɗanda gobarar bara ta lasa. Ya ce tsani ya zo mayarwa, kuma yana kan hanya ya ga wani baƙin babur ya fito da gudu ya nufi gari.

"Ka ga fuskar mahayin?"

"Ina fa, Sufeto. Amma wannan ai ba sai an tambaya ba. Aikin Karnukan Gishiri ne, masu baburan nan da ba sa ga maciji da Hankaki."

Saja ta rubuta bayaninsa, ta miƙa masa ya karanta kafin ya sa hannu. Ya ture takardar da bayan hannu.

"Ni da karatu? In ba ma'aunin ruwan sama da farashin ulu ba, ban san abin da idona ya karanta ba tun da na bar makaranta. Nuna min wurin kawai."

Sufeto ya sa aka ɗaure tambarin a leda, ya gargaɗi kowa cewa abin da aka gani a garejin nan kada ya fita. Bai san kafin rana ta karkata Trevor zai zauna a mashaya ya gaya wa duk mai kunne cewa an yanke wa Col tambari ba.

Washegari da safe babura shida suka tsaya a ƙofar ofishin. Mutum ɗaya ne ya shigo, Wal Drechsler, shugaban Hankaki, ƙato mai farin gemu har ƙirji. Bai zauna ba. Ya ce kowa ya san ranar Lahadi Col ya yi cacar baki da Darren Vlahos, ɗan Karnukan Gishiri, har aka fasa kofuna. Ya ce ranar Asabar da tsakar rana za a binne Col, kuma babura arba'in ne za su raka shi.

"Daga maƙabarta hanya biyu ce, Des. Hagu ta koma gari. Dama ta bi ta ƙofar gidan Darren."

"Barazana kake yi a ofishina?"

"Hanya nake kwatanta maka, tunda kai ta tumaki ka fi sani. Yanzu haka tambarinmu yana rataye kai-ƙasa a bangon Karnuka, suna shan giya suna kallonsa. Ka ba ni dalili ɗaya da zai sa mu bi hagu."

Tambarin kuwa yana cikin durowa, taku uku daga inda Wal yake tsaye. Sufeto bai fito da shi ba, domin an koya masa cewa abin da mai laifi kaɗai ya sani ba a furta shi. Ƙa'ida ce mai kyau. Amma da ya saurari maganar Wal da kunnen basira, da ya rage wa kansa wahalar kwana uku.

Ya sami Darren a bayan gidansa yana goge babur ɗin da ba shi da ƙura. Baƙi ne kuwa babur ɗin. Darren ya ce ranar Talata yana gida tun safe har yamma. Matar da ke maƙwabtaka da shi ta ce ƙarya ne, da idonta ta ga ya hau motar haya ta ƙarfe shida, kamar mai tsoron a gan shi.

Sai ranar Alhamis Saja ta gano inda ya je. Asibitin ido ne a birni, tafiyar awa uku, kuma sunansa yana cikin rajista da ƙarfe goma daidai. Sufeto ya koma ya ajiye masa takardar a kan kujerar babur. Darren ya ɗauka ya kai ta dab da hancinsa kafin ya iya karantawa.

Idon dama ya riga ya tafi, na hagu yana biye. A ƙungiyarsu kuwa wanda ba ya iya hawa babur, falmaran ɗinsa ake karɓewa.

"Ka bar ni in nuna wa Wal wannan, magana ta ƙare."

"In Wal ya ji da safe, mutanena sun ji kafin azahar. A'a."

"To ka zo in kulle ka har Litinin, don lafiyarka."

"Ɗan Karnuka ya ɓuya a bayan ɗan sanda? Sufeto, ka taɓa jin haka?"

"Falmaran ce ta fi maka ko ranka?"

Darren ya ci gaba da goge babur ɗinsa. Ya ce shi bai taɓa zama ya raba su biyu ba.

Sufeto ya fito yana huci. Yana da hujjar da za ta wanke mutum, mutumin ya hana a yi amfani da ita. Ko da ma ya karya alkawari ya nuna, ya san Wal zai ce takardar 'yan sanda ce. Masu babura arba'in da suka binne ɗan'uwansu ba takarda suke nema ba, suna suke nema.

Ranar Juma'a sakamakon ɗakin gwaji ya iso. Babu zanen yatsa ko ɗaya, bilic ya cinye komai. Abu ɗaya aka samu: a bakin fatar da aka yanka akwai maiƙon gashin tumaki. Sufeto ya yi tsaki. A Kurrabin ko kujerar coci aka gwada sai an sami maiƙon nan, kuma rabin 'yan Hankaki da na Karnuka askin tumaki suke yi idan lokacinsa ya zo.

Ya yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa. Kowane bayan ɗan lokaci sai a ji rugugin sabbin babura suna shigowa gari. Saja ta ƙirga sha tara kafin rana ta yi sanyi.

Tana cikin tattara takardu za ta tashi, sai ta tsaya da hoton mamacin a hannu.

"Oga, makullin nan na baki yana ta damuna tun ranar Talata. Na taɓa ganinsa."

"A wace shari'a?"

"Ba shari'a ba ce. Kada ka yi min dariya. A littafi ne."

Sunan littafin Ƙashi da Kwalta, labarin wata likitar gawa da ke farautar masu babura. Ta ce a cikinsa haka aka yi wa wani: tambari a ƙasa, baƙin mai, makulli a baki, bilic. Ta aro shi ne bara a ɗan laburaren da ke zauren gari. Sufeto bai yi dariya ba. Ya ɗauki hularsa. Amma laburaren ranar Litinin da Asabar kawai ake buɗe shi, mai riƙe makullin kuma ta tafi bikin jikarta, sai da safe za ta dawo.

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar suna tsaye a ƙofar zauren kafin matar ta iso. Ta ce su ba sa rubuta wanda ya ari littafi, mutum ya ɗauka ne ya dawo da shi in ya gama, haka ake yi tun zamanin kakarta. Amma ta tuna wannan, domin ranar Litinin Merle Oakey ta ɗauka tana gunaguni tun daga bangon littafin.

Merle tsohuwa ce mai shekara saba'in da takwas. Mijinta, wanda ya rasu, yana cikin waɗanda suka kafa Hankaki, kuma shekara arba'in ita ke ɗinka musu tambari a falmaran. Sun same ta ta riga ta sa baƙaƙen kaya na jana'iza, tana shafa wa burodi man shanu. Ta dubi Sufeto sama da ƙasa ta ce ya rame, ta tura masa faranti.

"Mama Merle, littafin laburare muka zo nema."

"Wannan shirmen? Ga shi can ƙarƙashin butar shayi. Aikin da ya fi dacewa da shi ke nan."

Sufeto ya duba agogo ya ce ba ra'ayinta ya zo ji ba. Ta ce ai kuwa sai ya ji, tunda a gidanta yake.

Ta ce ita ba za ta ci zalin marubucin ba. Wurin likitar gawa ya yi ƙoƙari, yadda ake gane ranar mutuwa daga tsutsa da yadda ƙashi ke nuna makamin da ya fasa shi, wannan ya hana ta shan shayinta da zafi. Amma da ya zo kan masu babura sai ya shiga zuba ƙarya. Ta rantse mutumin bai taɓa zama da su ba ko na tsawon shan kofi ɗaya. Abin ya ba ta haushi har ta rubuta a shafin ƙarshe, don mai karatu na gaba ya sani.

Saja ta buɗe ta karanta a bayyane. Rubutun manya ne, an danna biro har ya huda takarda:

"Likitar ta iya aikinta. Sauran ƙarya ne. Tambari ba na mutum ba ne, na ƙungiya ne. In naku ne suka kore ka, zare-zare ake warware ɗinkin a mayar da shi gida. In abokan gaba ne, ɗauke shi suke yi su rataye a bangonsu, don shi suka zo. Babu mai babur, masoyi ko maƙiyi, da zai yanke tambari ya tafi ya bar shi a ƙasa."

Sufeto ya ajiye burodin da ya ɗauka. Maganar Wal ta dawo masa: yana rataye kai-ƙasa a bangon Karnuka. Wal bai ma kawo a ransa cewa za a iya barin shi ba.

"Wanda ya kashe Col ba mai babur ba ne," in ji shi a hankali. "Mai karatu ne."

Merle ta dube shi ta saman tabarau.

Ya karɓi littafin. A saman rubutun Merle akwai ƙananan alamomi a jere, kusan ashirin. Duk mai aron littafi a laburaren nan yana da tasa alamar da yake sawa a shafin ƙarshe in ya gama, don kada wata rana ya manta ya sake kwaso abin da ya riga ya karanta. Hannu ne ke yi, ba a ma tunani. Ga ɗan kifi, Saja ta ce nata ne, kunya ta kama ta. Ga fure, ga gicciye, ga allurar Merle a ƙarshe.

Dab da allurar akwai harafin L da layi a samansa.

Sufeto bai tambayi kowa ba. Shekara tara da suka wuce ya kwana biyu yana bin wata babbar mota da ta sace dilolin ulu goma sha huɗu, kowace da wannan alamar a jikinta. Shi da kansa ya mayar wa mai su, Trevor Lindner.

Ƙarfe goma da kwata suka shiga gonar Lindner. Trevor yana ɗura wa tumaki ruwa a kwami. Wani tsani yana jingine a jikin rumbunsa, inda ciyawa ta riga ta nannaɗe ƙafafunsa.

"Wannan ne tsanin da ka mayar wa Col ranar Talata?"

Trevor ya ce wani ne daban. Sufeto ya ce a garejin Col babu tsani ko ɗaya, shi ya duba da kansa. Sannan ya buɗe littafin a kan murfin a-kori-kurar Trevor, ya ɗora yatsa a kan alamar.

"Ka ce ba ka karatu."

"Matata ce ta sa."

"Matarka fure take sawa, Trev, Merle ta gaya min. Ga nata nan a sama, tun bara."

Saja ta zagaya bayan motar. Ta ɗago almakashin askin tumaki da bakin alƙalami. An wanke shi fes, ya fi duk abin da ke motar tsabta, yana warin bilic. Amma a cikin maɗaurinsa, inda tsumma ba ya shiga, akwai ɗan guntun jan zare irin na ɗinkin Merle.

Trevor ya ce yana son lauya. Sufeto ya ce haƙƙinsa ne, zai samu. Ya juya masa agogon hannunsa.

"Lauyanka zai iso ranar Litinin. Nan da awa ɗaya da rabi za a binne Col, daga nan mutum arba'in za su tafi gidan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kai ka nuna musu ƙofarsa. Ɗaya ka kashe cikin fushi, na yarda. Na biyun a tsaye za ka yi shi, kana ba tumaki ruwa."

Ruwan kwamin ya cika yana zuba a ƙasa. Trevor ya tsaya yana kallonsa, sannan ya je ya kashe famfon, ya zauna a kan taya.

Ya ce bara, a irin wannan rana ta hana kunna wuta, tartsatsin injin Col ne ya tashi gobarar da ta cinye masa tumaki ɗari uku da goma. Waɗanda ba su mutu nan take ba shi ya bi su da bindiga ɗaya bayan ɗaya, tun safe har la'asar. Masu bincike suka ce ba a tabbatar da musabbabi ba. Col ko sannu bai ce masa ba.

"Ranar Talata ina nan wurin, iska tana kaɗawa daga wajensa, sai na ji injin nan ya tashi. Na je na ce ya kashe. Ya ce in koma in yi wa tumakina waƙa, ya juya min baya ya ci gaba. Akwai ƙarfen cire taya a ƙasa."

Ya share fuska da hularsa.

"Da na ga ba ya motsi sai na ji kamar wani ke karanta min abin da zan yi. Ranar Lahadi na gama littafin. Na ce su ai kullum cikin kashe juna suke, ɗaya ba zai ƙara komai ba."

"Darren fa?"

"Ban sa masa suna ba, Sufeto. Baƙin babur kawai na ce."

"Baƙin babur nawa ne a Karnukan garin nan?"

Trevor ya miƙo hannuwansa. Ya roƙi a gaya wa matarsa ta rufe ƙofar garke ta yamma, ƙugiyarta ba ta kamawa. Saja ta sa masa ankwa ta shigar da shi mota. Sufeto ya ce ta bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, kada ta kuskura ta ratsa gari, kuma kada ta tsaya sai birni. Shi kuma ya ɗauki ledar tambarin da ya taho da ita, ya hau a-kori-kurar Trevor.

Ya isa maƙabarta ana mayar da ƙasa. Babura arba'in da uku ya ƙirga a jere, duk sun juya goshi wajen ƙofa. Ya ratsa tsakanin mutanen ba wanda ya matsa masa, har ya kai gaban Wal. Ya ɗaga ledar.

Wal ya daɗe yana kallon hankakan da baƙin mai ya ɓata.

"A ina ka samo wannan?"

"A ƙasan garejin Col. Tun ranar Talata yana durowata."

"A ƙasa? Barinsa aka yi?"

"Barinsa aka yi."

Maganar ta bi layi daga baki zuwa baki har ƙarshen taron. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Wal ya tambayi suna, Sufeto ya ce zai ji a kotu ranar Litinin kamar kowa, kuma mutumin ya riga ya yi nisa. Wal ya ce da ya faɗi wannan tun ranar Laraba, da bai tara mutane daga jihohi uku ba. Sufeto ya ce gaskiya ne, bai kare kansa ba.

Merle ta matso da sandarta ta leƙa ledar. Ta ce in kotu ta gama da shi a kawo mata, ita ta ɗinka shi, ita za ta wanke shi. Littafin kuma a mayar laburare, kada wani ya yage shafinta.

Wal ya hau babur ɗinsa ya tayar. Sauran suka tayar a bayansa har ƙasa tana rawa. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a aljihu, yana kallon mararrabar.

Wal ya kai wurin ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya dubi dama na ɗan lokaci. Sannan ya karya kan babur ɗinsa hagu.